Akwatin Wendell Mai Faifai Biyu

Akwai wani mutum a layinmu na garin Duluth, sunansa Wendell, wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Abu yana aiki lafiya lau, sai ya kwance shi don ya ga dalili.

Bayan rasuwar mahaifiyarsu Lorraine, ya tattaro tarkacen kwamfutoci a gareji. Ya ciro fanka daga wannan, ya zaro waya daga waccan, ya tsinto faifan ajiya biyu a kasuwar tsofaffin kaya. Ya harhaɗa akwati guda mai gurnani kamar firji, ya ce daga yau duk finafinan gida a ciki za su zauna, kowa ya kalla a talabijin ko a wayarsa.

Gaskiya ya iya. Kaset ɗin bidiyo goma sha huɗu na iyali, har da na auren iyayensu, duk ya juye su ciki.

Yayarsa Rhonda, wadda ta yi shekara talatin tana dafa abinci a makarantar firamare, ta roƙe shi ya juye mata nata ta ajiye a gidanta. Ya yi dariya. Ya ce faifai biyu ne a ciki, duk abin da ɗaya ya rubuta ɗayan yana kwafa nan take, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan.

"Yaya, ke dai ki riƙe ludayi, ki bar mini wannan."

"To, injiniyan gareji," in ji ta.

Ranar Asabar ya zuba kaset ɗin a kwali, ya rubuta KYAUTA a jiki, ya ajiye a bakin titi kamar yadda muke yi da kayan da muka gaji da su.

Mahaifinsu Emil kuwa mantuwa ta fara cinsa. Yakan manta ya ci abinci, yakan kira Rhonda da sunan ƙanwarsa. Amma kullum yana tambaya yaushe za a nuna masa Lorraine. Aka yi masa alkawarin ranar Bikin Godiya, in an taru cin talotalo.

Saura kwana biyu, akwati yana aiki ƙalau. Wendell ya kasa haƙuri. Wai sunayen bidiyon ba su jeru da kyau ba. Ya sauya wannan, ya matsar da wancan, ya ga wata ma'ajiya da ya ɗauka shara ce, ya goge. Ashe duk bidiyon a cikinta suke.

Faifai na farko ya goge. Na biyu, mai kwafar duk abin da ɗan'uwansa ya yi, shi ma ya goge.

Wunin ranar bai zauna ba. Ya kashe, ya kunna. Ya sauko da manhajar ceto abin da aka goge, ya girka ta a kan faifan nan dai, ta danne ɗan abin da ya rage. Ya kai wa wani mai gyara a cikin gari, mutumin ya duba ya girgiza kai. Ya bi layi gida gida cikin ƙanƙara yana tambayar wanda ya ɗauki kwali. Ni ma ya buga mini ƙofa.

Sai da safiyar bikin ya iya zuwa wurin Rhonda. Tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba har ya gama bayani. Ta wanke hannu, ta sauka ɗakin ƙasa, ta hauro da kwalin. Ashe tun ranar Asabar ɗin nan ta biyo da mota ta gan shi a bakin titi, ta ɗauke.

Sai dai ta tarar masu wucewa sun riga sun zaɓi uku. Na auren yana cikinsu.

Da yamma aka jona tsohuwar na'urar kaset da ta aro a cocinsu. Emil ya matso da kujera. Hoto ya fito yana rawa: Lorraine a kicin, rediyo na kiɗa a kan tebur, Wendell ɗan shekara bakwai ya nufo shi da sukudireba.

Muryarta ta cika falon: "Wendell, ajiye wannan. Abin yana aiki, ka bar shi."

Emil ya yi dariya har da hawaye, ya nuna talabijin ya ce ita ce, ita ce. Sannan ya juyo ya tambayi ɗansa yaushe za a sa na auren.

Wendell ya dubi Rhonda. Ba ta cece shi ba, ta miƙa masa kwanon dankali.

Darasi: Abin da ba a iya sayen wani irinsa, kada ka ajiye shi a wuri ɗaya, ko da faifai goma ne a wurin. Kuma kada ka raina shawarar wanda bai san sana'arka ba. Ku tura wa duk mai ƙaiƙayin hannu a gidanku, kafin ya kai kwali bakin titi.