Tsohuwa a Kan Bulo

A ƙauyenmu an yi wani mutum mai suna Bhikaji, autan Shevantabai mai sayar da albasa. Ba mugu ba ne, amma cika baki ya yi masa yawa, kuma ba abin da ya tsana kamar a ce wani ya riga shi. Wajen iya shege kuwa, ko mu da aka koro daga makaranta tare muna sara masa. Shi ne ya taɓa naɗa wa jakin dagaci rawani ya zagaya kasuwa da shi.

Duk damina mutanen ƙauyen sukan bi ayarin masu ziyara, su taka da ƙafa har garin Pandharpur wurin Vithoba, gunkin da suke bauta wa. Shevantabai tun tana amarya take zuwa, da tukunyar tulsi, ɗaiɗoyar nan mai tsarki, a bisa kanta. A shekarar nan yanar ido ta rufe mata gani, tafiya ma sai da sanda. Ta ce wannan ce ziyararta ta ƙarshe, burinta kawai ta ɗora goshi a kan ƙafafun Vithoba. Kondiba, tsohon da ke jagorantar ayarin, ya damƙa hannunta a hannun Bhikaji a gaban kowa.

A duk zangon da aka yada, bayan an ci gurasar dawa, Kondiba yakan maimaita labarin wani mai biyayya ga iyaye, Pundalik: yadda Vithoba ya zo har ƙofarsa ya tarar yana matsa wa iyayensa ƙafa, Pundalik ya tura masa bulo ya ce ya tsaya a kai ya jira, Vithoba kuwa ya riƙe ƙugu ya tsaya, yana nan tsaye har yau. Bhikaji yakan koma bayan tsohon yana kwaikwayon yadda yake kaɗa kai, samari suna ƙunshe dariya.

Wata rana abokin wasansa Malhari ya tsokane shi, ya ce mai jan tsohuwa sai baɗi zai ga Vithoba. Bhikaji ya murɗa gashin bakinsa ya ce in bai riga kowa a ayarin taɓa ƙafafun nan ba, a aske masa gashin bakin a tsakiyar kasuwa.

Suka iso da safiyar ranar azumi, suka yi wanka a kogin Chandrabhaga. Ruwan ɗan siriri ne a tsakiya, sauran duk rairayi ne, cike da mutane da tutoci. Layin shiga haikali ya miƙe har bayan gari, Malhari kuma tuni ya shige shi. Bhikaji ya ji an ce akwai ƙofar da ake shigar da tsofaffi da guragu. Zai iya jan uwarsa su bi ta can tare, amma ya dubi yadda take jan ƙafa, ya ga ɓata lokaci ne. Sandarta kawai yake bukata.

Ya tsinci wani jan bulo da aka yi murhu da shi, ya ajiye a kan rairayi, ya ɗora uwar a kai.

"Inna, yau ke ce Vithoba, ni ne Pundalik. Riƙe ƙugu mu gani."

"Kai dai ba ka girma, ɗan nan," ta ce tana dariya. "Ina za ka da sandata?"

"Wuri zan kama mana. Amma na san ki da yawo, kina jin ana waƙa za ki bi su ki ɓace mini. Rantse da Vithoba ba za ki sauka ba sai na dawo."

Ta taɓa carbin tulsin da ke wuyanta ta rantse. Shi a wurinsa wasa ne.

Ya naɗe ƙafa da tsumma, ya dogara sanda yana ɗingishi yana nishi, aka buɗe masa hanya. Da ya wuce ta kusa da Malhari har ya kashe masa ido. Ya shiga siririn lungun da aka yi wa shingen ƙarfe, inda mutum ke bin mutum, ba juyawa.

Yana ciki ya fara jin usur daga wajen kogi, sannan lasifika tana cewa a bar kan rairayi, an yi ruwa mai yawa a can sama, kogi yana tahowa. Ya leƙa ta taga ya ga rana tarwai. Ya ce a ransa ai mutane sun yi yawa, wani zai janye uwar tasa. Sai wata mata da ta shigo layin a bayansa ta ce wa ƙawarta ta baro abin tausayi: wata makauniya ta ƙi tashi, 'yan sanda sun kama ta tana kuka tana kiran Vithoba, wai ta yi rantsuwa, har suka bar ta suka tafi kwashe yara.

A daidai lokacin layin ya turo Bhikaji bakin ƙofar ƙarshe. Ya ɗaga ido ya ga Vithoba, baƙi wuluk, tsaye a kan bulo, hannuwa a ƙugu, yana jira. Taku kaɗan ya rage ya taɓa ƙafafun. Sandar ta suɓuce daga hannunsa. Ya juya ya haura shingen, mutane suna zagin gurgun da ya warke nan take.

Kogin da ya bari da safe ba shi ya tarar ba. Jan ruwa ne daga gaɓa zuwa gaɓa, yana ɗauke da takalma da tutoci da tukwane. Ƙaramin haikalin Pundalik da ke tsakiyar rairayi ya nutse har ƙofa. Can nesa, inda ba kowa, ya hango koren ganye a kan wani abu kamar kututture. Uwarsa ce da tukunyar tulsi a kai, ruwa ya wuce mata ƙugu, tana layi, hannu ɗaya a tukunya, bakinta yana motsi.

Ya faɗa kwale-kwalen wani mai fito yana roƙonsa. Mutumin ya ce ya riga ya je mata, ta ce sai ɗanta ya dawo. Suka tuƙa, ruwa yana karkatar da su, Bhikaji yana kira tun daga nesa har muryarsa ta dushe.

"Inna, na dawo. Na dawo, Inna, sauko."

Ta juyo wajen muryar, ta yi murmushi, ta sauko kamar yadda aka ce mata. Ƙafarta tana barin bulon ruwa ya ɗebe ta. Tukunyar tulsi ta kife, ganyen ya bi kogi. Mai fito ne ya cafko gefen zanenta, suka jawo ta da ƙyar.

A cikin rumfar ayari suka kwantar da ita, jikinta yana karkarwa, tana ta tari daga ƙirji. Da ta ɗan farfaɗo ta lalubo fuskar ɗanta.

"Ka kama mana wurin?"

Ta ci gaba tana shafa fuskarsa.

"Ba komai, gobe sai mu je tare. Ban sauka ba fa, ka gani. Ina sandata?"

Ba ta kai goben ba. A bakin wannan kogin aka ƙona gawarta, kuma kamar yadda ake yi wa ɗan da ya rasa uwa, wanzami ya aske wa Bhikaji kai da gashin baki tas. Malhari yana tsaye a wurin. Bai yi dariya ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada gaggawa da son a ce kai ne na farko su sa ka saki hannun wanda aka damƙa maka. Kada kuma ka yi wasa da rantsuwa a gaban mai riƙe ta da gaske, domin abin da ka faɗa kana dariya, shi da ransa zai tsare shi. Wanda ya bar uwarsa a baya don ya riga mutane zuwa wurin ibada, ya baro ibadar a inda ya bar ta.