Motar Da Ta Yi Kuka Ta Ƙi Tashi

Akwai wata gwauruwa mai noman tumatir na damina, ana kiranta Maman Alheri. Mijinta ya rasu ya bar mata gona da wata tsohuwar akori-kura, ita kuwa ta koyi tuƙi da kanta, ko da yake mutanen gari sun sha dariya.

Wata safiya, ranar kasuwa, ta loda kwando talatin, wahalarta ta shekara guda ke nan. Ta shiga ta murza makulli. Injin ya yi kuka, ya juya, ya juya, bai kama ba. Ta sake murzawa, haka. Ku kuwa kun san tumatir ba ya jiran kowa, idan rana ta buɗe a kansa kafin la'asar ya zama ruwa.

Maƙwabta suka taru. Maza huɗu suka tura motar har gindin tsamiya, ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Wani ya ce batir ne. Wata tsohuwa ta ja ta gefe ta ce, "'Yata, wannan ba aikin ƙarfe ba ne, hannu aka sa miki. Akwai wani mutum a hayin rafi, hayaƙi ɗaya zai yi wa motar ta tashi."

Maman Alheri ta ce, "Iya, ko tumatir ɗin nan zai ruɓe a gabana, ƙafata ba za ta taka ƙofar boka ba."

Ana cikin haka sai ga wani dillali a kan babur, wanda ba ya zuwa sai inda ya ji ƙanshin asara. Ya zagaya motar, ya ɗora hannu a kan kwando, ya ce, "Baiwar Allah, motar nan ta mutu, kowa ya gani. Ki sayar mini da kayan a nan, in ba ki abin da ya sawwaƙa. Ita kuma sai 'yan gwangwan."

Kuɗin da ya faɗa ko na taki bai kai ba. Ta dube shi ta ce, "Matacce yana kuka ne? Ɗauke hannunka daga kayana."

Bai tafi ba. Ya nemi inuwa ya zauna, yana duban rana yana murmushi.

Sai ta aika aka kira Baba Irmiya, tsohon makanike wanda ya bar aiki saboda idonsa ya yi rauni. Ya zo yana dogara sanda, ya ce ta murza sau ɗaya ya ji. Da ta murza sai ya ɗaga hannu.

"Ya isa haka. Batir lafiyarsa lau, tunda inji yana juyawa, amma in kika ci gaba ke za ki kashe shi. Inji abu uku yake nema: wuta, iska, da mai. Mu tambaye su ɗaya bayan ɗaya."

Ya kwance fulogi ya jingina shi a jikin inji, ta murza, wuta ta yi tsalle shuɗiya. Ya buɗe inda iska take shiga, ya laluba, babu abin da ya toshe. Sa'an nan ya zare tiyon mai, ya tara a kwalba, ya ba ta ya ce, "Idona ba ya gani. Ɗaga sama ki gaya mini."

Ta ɗaga. Abin da ke cikin kwalbar ya rabu biyu, fetur a sama, ruwa a ƙasa.

Baba Irmiya ya ce, "Ina murfin tankinki?"

Sai ta tuna. Murfin ya faɗi tun farkon damina, ta ce za ta saya in an kwana biyu, ta cusa tsumma a wurin. Duk ruwan da aka yi, tsumman yana sha yana ɗiga ciki, ita kuwa ba ta sani ba.

Dillali ya kwashe da dariya ya ce, "Ashe ma ke kika kashe abinki!"

Kunya ta kama ta, gaskiya ta kama ta sosai, a gaban mutane. Amma ta juya ta ce masa, "I, laifina ne, ban musa ba. Sai dai laifina bai zama rabonka ba."

Ta shimfiɗa zane, ta shiga ƙarƙashin motar da kanta, ta kwance tanki ta tsiyaye man duka, da mai kyau da marar kyau. Wani mai injin niƙa ya kawo mata jarkar fetur, ta zuba. Baba Irmiya ya goge fulogi ya mayar. Ta murza, injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama! Ta isa kasuwa da rana tsaka. Kwando uku na ƙasa sun lalace, sauran kuwa ta sayar da hannunta.

To, ku ji ma'anar misalin nan, domin da mu ake. Motar ita ce zuciyar mai bi. Akwai waɗansunku a nan da kuke addu'a, kuna waƙa, ba ku fashin sujada, amma kun san a ranku abin bai kama ba, kuka ne kawai. Na san wannan hali, ni ma na taɓa zama a cikinsa.

A irin wannan rana masu shawara ba sa wuya. Wani zai ce ka ƙara ƙarfi, ka yi ta murzawa har ka gaji. Wani zai nuna maka hanyar boka. Shaiɗan kuma, shi ne dillalin, zai zauna a inuwa ya ce maka ka riga ka mutu, ka miƙa masa abin da ya saura. Ƙarya yake yi! Zuciyar da take kuka ga Allah ba ta mutu ba.

Ka tsaya a bincika ka. Sau da yawa ba wani babban abu ba ne, ba kuma maƙiyi ne ya yi maka ba. Ƙaramar kafa ce ka bari a buɗe ka ce sai an kwana biyu: ɗan'uwan da ka ƙi gafarta wa, 'yar ƙaryar da ka saba da ita a ciniki, gulmar bayan sujada. Suna ɗiga a hankali har su taru a ƙasa. Idan Maganar Allah ta nuna maka, kada ka yi gardama. Ka ce laifina ne, ka durƙusa ka zubar da shi duka a gaban Yesu. Wataƙila ka yi asarar wani abu saboda jinkirinka, ba zan ɓoye maka ba.

Amma a lokacin da ka amsa laifinka ne mai zargin zai fi ɗaga murya, yana so kunya ta sa ka sallama. Kada ka ba shi ko ƙwaya ɗaya. Ba a gare shi ka yi zunubi ba, ba shi ne ya mutu dominka ba, ba shi kuwa da abin karɓa a hannunka.