Gudun Hawainiya a Gasar Kurket

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha.

Ƙasashen ƙananan dabbobi suka yi gasar kurket, wasan bugun ƙwallo da sanda, wadda ta ci za ta kara da su Zaki. A wasan, sai masu bugu biyu sun ruga sun sauya wuri, ko an aika ƙwallo bayan fili, ake samun maki. Saura maki ɗaya ƙasar su Kurege ta haye, abokiyar bugunsa kuwa Hawainiya ce.

Kurege ya maka ƙwallo, ya sheƙa yana ihu: "Yaya, gudu!"

"Gudun nake, ƙanena!"

Ƙafa ɗaya ta ɗaga aka fitar da ita daga wasan, ƙasarsu ta rasa gasar.

Kurege ya taso zai zazzaga masifa, ya tarar kunya ta mayar da ita launin toka. Sai ya haɗiye masifar, ya dafa ta.

"Share hawayenki, Yaya. Baɗi bayan fili zan aika ƙwallon, ba sai kin ɗaga ƙafa ba."

Ƙurunƙus, kan ɓera naku ne!