Allon Sunayen 'Yan Majalisa

Sau uku a shekara guda Ilu mai fenti yana kankare allon sunayen 'yan majalisar dokokin jiha: yau wannan ya sauya jam'iyya, gobe an tsige wancan. Sai sabon Kakaki, Honarabul Maikano, ya kira shi.

"Na gaji da kankare-kankaren nan. Ka rubuto allon da zai kai ƙarshen zangon majalisar nan ba gyara, ba ƙarya. In ka kasa, a bakin aikinka."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ran Litinin Ilu ya jingina allo. Gaban sunan kowa ya rubuta, "Jam'iyyar da Gwamna yake ciki." Gurbin Kakaki kuwa ba suna, sai, "Wanda Gwamna ya ga dama."

Maikano ya daka tsawa. "Ni za ka ci wa mutunci? Goge!"

"Yanzu kuwa," in ji Ilu. "Nuna min dai layin da yake ƙarya. Gobe ina da fenti a Gidan Gwamnati. In Mai Girma ya tambaya, in san abin da zan ce ka ƙaryata."

Kakaki ya sake karanta allon layi-layi. Can ya ce, "Kafa shi sama-sama, yadda Mai Girma zai hango daga mota."