Mai Lambu da Ƙeranar 'Yarsa

Akwai wani mai lambu, gwanin ban ruwa, wanda alayyafonsa ya yi suna a kasuwa. Da 'yarsa za ta tafi makarantar koyon jinya, sai ta danƙa masa wata shuka da take ji da ita, a cikin tukunya a bakin taga. Irin ƙeranar nan ce ta ado, miƙaƙƙiya kamar taɓarya, ba ganye sai ƙaya.

Ta ce, "Baba, ga amana. Kada ka ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau."

Ya yi dariya, ya ce, "Ni za a koya wa shuka? Sauka lafiya."

To, hannun mai lambu bai iya zama ba. Da safe ya zuba, da yamma ya zuba, wai tausayi yake ji. Ba a jima ba gindin ya yi baƙi, ya yi laushi, ƙerana ta sunkuya. Ga hutu ya ƙarato! Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Sai ya ruga ya ciko buta, gama maganin da ya sani ke nan.

Matarsa ta riƙe butar tana dariya. "Haba maigida, ruwa ya kwantar da ita, ruwa kuma za ka ƙara?" Ta yanke saman da bai ruɓe ba, ta ajiye a inuwa har bakin ya bushe, sa'an nan ta dasa cikin yashi. Ta ce, "Aikinka ɗaya ne yanzu, ka sa hannu a aljihu."

Kai, bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba! Ya zo, ya leƙa, ya koma.

Da 'yar ta dawo, ta ce, "Baba, ta gajarce!"

Ya ce, "Ta gajarce, amma tana da rai. Ki gode wa mamanki."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Mai lambun nan mu ne, iyaye da malamai. Ƙeranar kuwa ita ce ran yaron da Allah ya ba mu amana. Ba kowane yaro ne alayyafo ba. Wani, yawan faɗa da yawan gata su ne ke ruɓar da shi, mu kuwa sai ƙarawa muke yi, muna cewa ƙauna ce. Ka yi masa addu'a, ka ba shi abin da yake bukata, sa'an nan ka janye hannunka. Ubangiji ne mai sa girma, ba kai ba.