Tukwici a Hannun Tanimu

An ce wai an yi wani attajiri a Kano mai suna Alhaji Gambo Maifata, wanda ya yi arziki da cinikin fatu. Mutum ne da ko ruwan sha aka miƙo masa sai ya sa hannu aljihu. Haka ya tashi ya ga ana yi a gidansu: duk wanda ya kawo maka abin alheri, ko da aiko shi aka yi, ba ya juyawa sai ka danƙa masa tukwici. Ya riƙe wannan tarbiyya da alfahari, kuma bai taɓa yarda cewa akwai wata ƙasa a duniya da za ta koya wa Bahaushe yadda ake kyauta ba.

Wata rana ciniki ya kai shi Abuja, abokan hulɗarsa suka gayyace shi abincin rana a wani gidan cin abinci na masu hannu da shuni. Irin gidan nan ne da ake jera wa mutum ɗaya cokula kamar za a yi masa tiyata, a kawo masa abin da bai wuce loma uku ba a tsakiyar ƙaton faranti, sannan a caje shi kuɗin rago. Wanda aka sa ya yi musu hidima wani magidanci ne, Tanimu, mutumin Kazaure, cikin masu kawo abinci da ake kira sabis. Da ya lura Alhaji na harar cokulan nan, sai ya kawo masa ruwan ɗumi a tasa da adiko. Alhaji ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya ci naman rago da yatsunsa biyar, ya yi ta santi. Da azahar ta yi kuma Tanimu ne ya kai shi inda zai yi alwala, ya shimfiɗa masa darduma.

To, shi wannan gida yana da tasa al'adar. Idan an gama ci, akan kawo rasit a cikin wata 'yar jakar fata, mai biya ya sa kuɗin abinci, ya ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma a matsayin ihsani ga ma'aikata, ya rufe a shiru. Wannan ihsanin akwati ake zuba shi, ƙarshen wata a raba tsakanin sabis da masu girki da masu wanke-wanke. Abokan Alhaji suka biya, suka sa nasu ihsanin yadda aka saba. Shi kuwa Alhaji sai ya yafito Tanimu, ya zaro kuɗi masu kauri.

Ɗaya daga cikin abokan ya raɗa masa, "Alhaji, a nan ba a miƙawa a hannu. Cikin jakar nan ake sawa."

Alhaji ya dube shi ya ce, "Jakar ce ta kawo mini ruwan wanke hannu?" Ya kama hannun Tanimu ya cusa masa. "Ungo, ɗana, tukwicinka ne. Allah ya yi maka albarka."

Kwana biyu bayan haka Alhaji ya koma gidan shi kaɗai, don naman nan ya tsaya masa a rai. Sai ya ga wani ne daban ya zo masa. Da ya tambayi Tanimu aka yi ta 'yan kame-kame, har manaja ya fito da kansa ya yi bayani. Ashe bayan tafiyarsu babban kukun gidan, Malam Jatau, dattijo mai zafin rai wanda ya tsufa a bakin murhu, ya ce lallai kuɗin su shiga akwati. Tanimu ya ce ba su shiga, a hannunsa aka sa, da sunan tukwici aka ba shi. Jatau ya kira shi ɓarawo a gaban ma'aikata. Manaja ya dakatar da Tanimu daga aiki, ya ce ko ya zuba a akwati ya ba da haƙuri, ko ya nemi wani wurin. Tanimu kuwa yana da mata da 'ya'ya, amma ya ce ba da haƙurin nan daidai yake da amsa sunan ɓarawo, shi kuma ba zai kai wannan suna gidansa ba.

Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai, don ya ga alherinsa na shirin cinye mutum. Ya sa aka kira Tanimu a waya ya zo, aka fito da Malam Jatau daga kicin, ya ce kowa ya faɗi ta bakinsa.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, naman da ka yi wa santi ni na kwana ina jiƙa shi da kayan ƙamshi. Mu wuta ke gasa mu a ciki, babu baƙon da ya san fuskarmu. Shi daga ƙofar kicin zuwa tebur kawai ya ɗauko, sai ya kwashe godiyar duka? Don gudun haka aka yi akwatin."

Tanimu ya ce, "Alhaji, ban taɓa ɓoye ko sisin da aka bari a jaka ba, manaja shaida ne. Amma ranar da gishiri ya yi yawa, ni baƙo yake zagi, kuma ban taɓa ganin an zuba zagin a akwati an raba ba. Wannan hannuna ka kama ka ba ni."

Alhaji ya auna maganar a ransa. Idan ya ce na Tanimu ne, ya taka dokar gidan mutane, kuma da ya juya baya za a kori Tanimu. Idan ya ce na kowa ne, ya janye kyautar da ya bayar da bakinsa, abin da babu mai mutuncin da zai yi, ya kuma tabbatar wa bawan Allah sunan sata. Can sai ya nisa ya ce, "Ku duka kuna da gaskiya, mai laifin ni ne. A gidanmu idan maƙwabci ya aiko da abinci, abu biyu ake yi. A ba ɗan aike tukwicinsa, sannan ba a mayar da kwanon wayam, sai an sa wa mai girki wani abu a ciki. Na yi na farko, santi ya mantar da ni na biyun. Malam Jatau, bashinka a kaina yake, ba a kan Tanimu ba. Ku ba ni zuwa la'asar."

Ya aika direbansa kasuwa. Kafin la'asar sai ga shaddodi masu maiƙo, kowane ma'aikacin kicin da tasa har masu wanke-wanke, ta Malam Jatau kuma ta fi kowacce, ga ƙwaryar goro fari a kai. Alhaji ya sa aka ɗauko babban tiren da aka kawo masa nama a kai ranar farko, aka jera kayan. Ya ce wa Tanimu, "Ɗauki ka kai wa Malam Jatau, ka ce in ji Gambo Maifata yana godiya." Shi da manaja suka bi shi a baya, suka tsaya a bakin ƙofar kicin.

Tanimu ya shiga da sallama, ya rusuna, ya isar da saƙo. Kicin ya kaure da murna. Malam Jatau ya shafa shaddar nan, ya ɗaga ta ya duba a haske, ya yi ta sa albarka. Sai kuma ya ga ɗan aike na tsaye da tire a hannu, ma'aikata duk sun zuba ido. Shi ma fa Bahaushe ne, a gidan mutunci ya tashi. Tun kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya shiga aljihu, ya zaro abin da ke ciki, ya miƙa yana kawar da kai.

"Ungo tukwici."

Alhaji ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Manaja, a kawo akwatin nan. Ga Tanimu ya sake karɓar kuɗi a hannu."

Jatau ya juyo a fusace. "Wane akwati kuma, ranka ya daɗe? Wannan ni na ba shi, daga aljihuna! Wa ya isa ya raba kyautata?"

Alhaji ya ce, "Shi ya saƙa shaddar?"

"A'a."

"Shi ya saya?"

"A'a, kawowa ya yi."

"Daga tebur zuwa ƙofar kicin kawai?"

Masu wanke-wanke suka fara ƙunshe dariya. Malam Jatau ya sunkuyar da kai, sannan ya kama hannun Tanimu a gaban mutanen da ya zage shi a gabansu ya ce, "Tanimu, na kira ka da sunan da ba naka ba. Ka yafe mini don Allah." Idon Tanimu ya kawo ruwa, ya ce ya yafe duniya da lahira.

Manaja ya ce Tanimu ya ɗauki rigarsa ya koma bakin aiki. Aka kuma gyara dokar gidan tun daga ranar: abin da baƙo ya bari a jaka na kowa ne, abin da ya kama hannun mutum ya ba shi na mai hannun ne. Alhaji Gambo ya koma teburinsa yana baza babbar riga, ya ce a kawo masa naman nan, yau faranti biyu, don tun safe bai ci komai ba.

Darasin da ke cikin wannan hikaya shi ne: kada ka yanke wa mai karɓa hukunci sai ka taɓa tsayawa a matsayin mai bayarwa, domin ranar da kyautar ta fito daga aljihunka, ranar za ka san mai ita.