Ƙotar Golf Mai Giram Arba'in da Biyar

Akwai wani injiniya a garinmu na Glenrothes, sunansa Struan Kinnaird. Aikinsa zana ƙotar sandar golf, wato doguwar baƙar sandar nan da ke haɗa hannun ɗan wasa da kan da ke dukan ƙwallo. Yana da basira, kuma ya san yana da ita.

Ƙaramar masana'anta yake wa aiki. Mutum goma sha bakwai ne, har da mai wurin, wani dattijo mai suna Alasdair Pringle. Shekara biyu ke nan masana'antar tana tangal-tangal.

Sai ga dama ta samu. Wani kamfani mai haɗa sandunan golf ya ce yana neman ƙota marar nauyi, giram arba'in da biyar kacal, saboda tsofaffin 'yan wasa masu ciwon kafaɗa. In aka kawo musu samfuri mai ƙwari cikin sati shida, za su ba da aikin shekara uku.

Struan ya kwana huɗu a gaban kwamfuta, ya fito da zanensa.

Ita wannan ƙota ba ƙera ta ake yi ba, naɗa ta ake. Akwai wani baƙin ƙyalle na zaren kabon da aka jiƙa da gam, ana ajiye shi a firiza don kada gam ɗin ya bushe. Ana yanka shi falle-falle. Fallen da zarensa ya miƙe shi ke hana ƙota lanƙwasa da yawa, wanda zarensa ya karkace shi ke hana ta murɗewa. Sai a naɗe su ɗaya bisa ɗaya a jikin siririn rodi, a ɗaure tam da leda, a gasa a tanda. In ta huce a zare rodin, a goge ta.

Wadda ta fi kowa iya naɗin nan ita ce Elspeth Rennie. Shekararta ashirin da bakwai a kan teburin, har yatsunta sun yi kanta.

Ƙyallen da Struan ya zaɓa siriri ne ƙwarai, kuma yana tsoron ya lalace a waje. Don haka ya liƙa takarda a ƙofar firiza: daga yau, a fito da ƙyalle ƙarfe takwas na safe, a fara yanka nan take. Ya soke tsohon tsarin da ake fito da shi tun yamma, a bar shi ya kwana a cikin ledarsa.

A safiyar farko Elspeth ta shafa fallen da aka miƙo mata, ta murza yatsunta, ta kira shi.

"Ɗana, ƙyallen nan gumi yake yi."

Struan ya yi dariya. "Misis Rennie, kabon ba ya gumi. Ke dai ki naɗa yadda na zana."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, wayarsa ta yi ƙara, ya juya ya tafi.

An gasa guda ashirin. Aka kai su injin gwaji, wanda ke danna bakin ƙota har sai ya kai nauyin da aka ƙayyade. Tara suka karye, duk a wuri ɗaya, kusa da baki.

Struan ya koma kwamfuta. Ya sauya karkatar zare, aka sake naɗawa. Bakwai suka karye. Ya ƙara falle ɗaya a baki, ƙotar ta yi nauyi fiye da abin da ake so, kuma duk da haka shida suka karye. Ya ƙara zafin tanda. Ya rage. Ya sa aka sauya ledar ɗauri. Babu abin da ya canza.

Ransa ya fara ɓaci sosai. Ya daina zuwa shan shayin ƙarfe goma tare da jama'a. In aka gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Dougie mai kula da tanda ya riƙa tsokana a bayan idonsa, yana cewa in dai tsaki na gyara ƙota, da tuni sun yi arziki.

A sati na uku Elspeth ta sake tare shi a bakin ƙofa. Ta ce ya ba ta minti biyu kan maganar firiza. Ya ce mata ba shi da minti biyu, kuma in tana da shawara ta rubuta ta jefa a akwatin shawarwari. Ta rubuta. Takardar ta zauna a akwatin ba wanda ya buɗe.

A sati na huɗu kamfanin ya aiko wakiliyarsa, Catriona Baird, ta ga inda aka kwana. Struan ya zaɓi ƙotar da ta fi kyau a idonsa, aka sa mata kai, suka tafi filin atisaye tare da Alasdair ana yayyafi. Catriona da kanta ta riƙe sandar. Bugu shida suka tafi lafiya, har ta fara murmushi. A na bakwai aka ji ƙas. Kan sandar ya fita da gudu ya wuce ta gefen kunnen Alasdair, ya daki allon katako.

Ba wanda ya ji rauni, amma Catriona ta daɗe tana kallon guntun da ya rage a hannunta. Ta ce masu sayen wannan sanda 'yan shekara saba'in ne, wasunsu da jikokinsu suke zuwa fili. Ta ba su kwana goma. In ba a gyara ba, magana ta ƙare.

Da suka dawo, Struan ya yanka karyayyiyar ƙotar ya sa a madubin ƙara girma. Sai ya ga ƙananan ramuka birjik tsakanin fallayen. Bai tsaya tunani ba. Ya fito tsakiyar ɗakin aiki ya ce ya gano matsalar: iska ce ake bari a ciki wajen naɗi, kuma kowa ya san wa ke naɗin.

"Hannunki ya tsufa, Misis Rennie. Daga gobe ki koma ɗakin guga."

Elspeth ta dubi Alasdair. Dattijon ya sunkuyar da kai, don ya riga ya ɗora duk begensa a kan injiniyan.

"Sau uku ina gaya maka," in ji ta. "Ba ka ji ko sau ɗaya ba."

"Na ji. Gumi. Na gode."

Ta ninke rigar aikinta ta wuce ɗakin guga, wurin goge ƙota bayan gashi, inda baƙar ƙura ke shiga har cikin kunne.

Wata ma'aikaciya ta karɓi naɗin, Struan yana tsaye a kanta. Aka gasa. Takwas suka karye. Ya buga ƙafa a kwandon shara har ya yi kwana biyu yana ɗingishi.

A gida, mijin Elspeth, Rab, ya ce ta ajiye musu aikin kawai, ta bar yaron ya nutse da kwamfutarsa. Ta ce wallahi ta so. Takaici ya hana ta cin abinci. Amma ta ce in aikin nan ya kuɓuce ba Struan ne zai rasa abin yi ba, shi yana da takardu, ko'ina za a ɗauke shi. Dougie ne da sauran za su zauna a gida.

Ranar Laraba da aka tashi aiki ƙarfe biyar, ta buɗe firiza ta ɗauko ƙullin ƙyalle ɗaya. Ba ta kwance ledarsa ba. Ta ɗora shi a kan tebur ta tafi gida.

Washegari, lokacin da kowa ya tafi shan shayi, ta koma tsohon teburinta. Ta yanka, ta naɗa guda shida, ta ɗaura wa kowane rodi jan zare a gindi. Dougie ya gani, ya karɓa ya rataye su a tanda tare da na ranar.

Ranar Juma'a Struan ya yi gwaji, Alasdair yana gefensa. Ta farko ta karye. Ta uku ta karye. Da aka zo kan shidan nan, injin ya danna har ƙarshe, ba wadda ta ko yi ƙara. Ya ƙara nauyi fiye da ƙa'ida. Suka jure. Ya ɗora ɗaya a sikeli: giram arba'in da biyar daidai.

Nan ya rikice, don zanensa na baya-bayan nan ya kai hamsin da biyu. Ya tambayi Dougie daga ina waɗannan suka fito. Dougie ya nuna ɗakin guga da haɓa.

Elspeth ta fito, fuskarta duk baƙar ƙura. Struan ya tambaye ta wane zane ta bi.

"Naka na farko. Babu abin da ya same shi tun ranar da ka zana shi."

"To me kika canza?"

"Ba komai. Na bar ƙyallen ya kwana a ledarsa. Ka taɓa fito da kwalbar madara daga firij ka ajiye a tebur? Me kake gani a jikinta? Haka ƙyallen nan yake yi in ka buɗe shi da sanyinsa. Idonka ba zai gani ba, yatsana yana ji. Sai mu naɗe ruwan a ciki, tanda ta mai da shi tururi, ga ramukanka. Kuma kwana ɗaya a waje ba ya kashe gam, ɗana. Duba jikin kwalin da ƙyallen ke zuwa a ciki."

Ya je ya duba. A rubuce yake, da ƙananan haruffa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san wannan tun shekararsa ta farko a jami'a. Sati biyar yana gyara zanen da ba shi da laifi, saboda ya ƙi tsayawa minti biyu.

Sun kai samfurin ana saura kwana biyu. Ya ci duk gwajin da aka yi masa. Amma Catriona ba ta manta da kan sandar da ya tashi ba. Kamfaninta ya ba da aikin shekara ɗaya maimakon uku, ya ce sai ya ga kamun ludayinsu. Ba a rufe masana'antar ba, sai dai mutum biyar da Alasdair ya yi niyyar ɗauka ba a ɗauke su ba.

Ranar Litinin Alasdair ya tara kowa a tsakiyar ɗakin aiki. Shi ya fara ba Elspeth haƙuri, ya ce shirun da ya yi ranar nan ya fi maganar yaron muni. Sannan Struan ya matso, ya ce ya wulaƙanta ta a gaban jama'a, don haka a gaban jama'a yake roƙon ta yafe.

Elspeth ba ta yi murmushi ba. Ta ce ta ji, kuma za ta yafe, amma ba yau ba.

Alasdair ya yanke cewa Struan zai yi wata guda a teburin naɗi, a ƙarƙashinta, kafin ya sake taɓa kwamfuta. A ranar farko ya naɗa goma sha ɗaya, ta jefa su duka a kwandon shara, kowanne tana nuna masa inda ya karkace. Yatsunsa suka kumbura. Na goma sha biyu ta juya shi a hannunta, ta shafa daga gindi har baki, ta miƙa wa Dougie ya sa a tanda.

Darasi: Ilimi ba ya amfanar mai shi in girman kai ya toshe masa kunne. Wanda ya daɗe yana taɓa aiki da hannunsa ya san abin da takarda ba ta nuna maka ba, don haka ka saurare shi kafin ka ɗora masa laifi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, musamman wanda aka ba shugabancin waɗanda suka girme shi.